Kogwannin Yankari: Kafin Marshall, Me Ake Kiransu?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda aka ce ya faɗi abin da ya sani game da Yankari, ba zai wuce giwa da biri da ruwan Wikki ba. Ni ma iyakar sanina ke nan har zuwa ranin shekarar 2023, lokacin da mu 'yan ajinmu muka yi karo-karo muka ɗauki hayar bas muka tafi yawon buɗe ido. Tun da asuba na fito daga gidanmu a Manawashi, muka kama hanyar Bauchi, muka wuce Alkaleri, muka karya kwana a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki ma tafiya ce ta fiye da kilomita 40 cikin daji. Ba zan ɓoye muku ba, kusan wuni muka yi a cikin ruwan nan mai ɗumi, muna iyo muna ɗaukar hoto, birai kuma suna fakon jakunkunanmu.

Sai da rana ta yi sanyi aka ce akwai wasu kogwanni da za a iya kai mu mu gani. (Kogwanni na ce, jam'in kogo, don kada wani ya rikita su da koguna na ruwa.) Cikinmu mu fiye da talatin, mu bakwai ne kaɗai muka yarda muka fito daga ruwa. Abin da muka tarar ya ba ni mamaki. Ɗakuna ne da hannun ɗan'adam ya sassaƙa a jikin dutse, kowanne da 'yar ƙofa kewayayya wadda sai ka durƙusa za ka shiga, in ka shiga kuma ka ga ciki ya buɗe. An ce guda 59 ne. Wata 'yar ajinmu ta tambayi dalilin da ya sa ake kiransu kogwannin Marshall, aka ce mata ai sunan wani mai bincike ne, P. J. Marshall, wanda ya fito da labarinsu a shekarar 1980. Sai ta sake tambaya, wannan karon mu take kallo: to, kafin 1980 me ake kiransu? Duk muka yi tsit. Mu bakwai, dukkanmu ɗaliban harshe, babu ko mutum ɗaya da ya zo da littafi da biro, kuma babu wanda ya yi tunanin mu tsaya a ƙauye ko ɗaya a hanyar komawa mu tambayi wani dattijo. Wannan tambaya tata ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, kufan da ke cikin Yankari da makamantansu an kare musu duwatsu amma an bar sunayensu da labaransu a waje, kuma tattara waɗannan aiki ne da ya faɗo a kanmu, mu ɗaliban Hausa, fiye da kowa.

Bari in fara da abin da ke cikin dajin, domin da yawanmu ba mu san yawansa ba. An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A duk waɗannan matakai, dabbobi ne aka sa a gaba, kuma ba laifi ba ne, tunda giwayen da suka rage a Nijeriya ba su da yawa. Sai dai dajin da muke gani yau babu kowa a ciki, a da gari ne, ko in ce garuruwa. Ban da kogwannin akwai rijiyoyin da ake rubutawa Dukkey, fiye da ɗari, waɗanda aka haƙa aka haɗa su da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai Tunga Dutse, inda aka yi zane-zane a jikin dutse. Akwai kuma wuraren narkar da tama a Ampara da Shaushau, inda gomman tanderun ƙasa suke tsaye har yau, waɗanda masanin kayan tarihi David Aremu ya yi bincike a kansu. Mutanen da suka iya haƙa rijiya fiye da ɗari su haɗa su, suka kuma iya fitar da ƙarfe daga dutse, ba 'yan ci-rani ba ne da suka kwana biyu suka wuce. Suna da harshe, kuma kowane tudu da kwari da rafi na wannan daji yana da suna a bakinsu.

Bayan mun dawo gida, ina laluben intanet don neman ƙarin bayani, sai na ci karo da labarin wani wuri a Amurka da ya yi kama da namu ta fuskoki da dama. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri in ɗan kai shi can, domin abin da ya faru da su darasi ne a gare mu.

A Jihar Kolorado akwai gandun daji na ƙasa mai suna Mesa Verde, wanda aka kafa a 1906 musamman don kare gine-ginen mutanen da, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1978. Mutanen wurin manoman masara ne da suka zauna a kan tudun fiye da shekara 700. Wajen ƙarshen ƙarni na 12 suka fara gina gidaje na dutse a cikin manyan kogwannin da ke jikin hayi. Irin waɗannan gidaje sun kai 600, mafi girmansu yana da ɗaki kusan 150. Kafin shekarar 1300 duk sun tashi sun yi kudu, kuma masana sun gano daga zoben da ke cikin itatuwan gini cewa an yi dogon fari daga 1276 zuwa 1299. A watan Disamba na 1888 wasu makiyaya biyu farar fata, Richard Wetherill da Charlie Mason, suna neman shanunsu da suka ɓace, suka hango babban ginin. Daga nan aka shiga cewa su suka gano shi, alhali wani mutumin ƙabilar Ute ne ya riga ya ba dangin Wetherill labarinsa. A 1891 wani ɗan Suwidin, Gustaf Nordenskiöld, ya zo ya tona ya kwashi kaya har da ƙasusuwan matattu, suka ƙare a gidan tarihi na ƙasar Finlan. Sai a 2020 aka dawo da ƙasusuwan mutum 20 aka sake binne su.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne batun suna. Mesa Verde kalmomin Sifaniyanci ne, ma'anarsu koren tebur. Gine-ginen kuma sunayen Ingilishi aka laƙaba musu. Su kansu mutanen, masana sun daɗe suna kiransu Anasazi. Wannan kalma ba tasu ba ce, ta maƙwabtansu ce 'yan ƙabilar Navajo, kuma ana fassara ta da kakannin abokan gaba. An yi ta rubuta cewa Anasazi sun ɓace, babu wanda ya san inda suka shiga, alhali jikokinsu suna nan da ransu: Hopi a Arizona, da Zuni da Acoma da sauran al'ummomin Pueblo a New Mexico. Su Hopi suna da sunan da suke kiran kakanninsu, Hisatsinom. Da jikokin suka matsa, hukumar gandun ta daina amfani da Anasazi, ta koma cewa kakannin Pueblo, kuma a yau tana tuntuɓar ƙabilun da suke da alaƙa da wurin. Sauya suna ɗaya ya sauya labarin gaba ɗaya. Mutanen da aka ce sun ɓace, ashe ƙaura suka yi, kuma akwai wanda za a je a tambaya.

To, mu dawo gida. Idan Navajo sun raɗa wa kakannin wasu suna, Hausa ta raɗa wa rabin Arewa. Mutanen da muke kira Angas, su Ngas suke kiran kansu. Sura, Mwaghavul ne. Kaje, Bajju ne. Katab, Atyap ne. Jaba, Ham ne. Gwari kuwa Gbagyi ne. Ni kaina da nake wannan rubutu Hausa ba harshen uwata ba ne. Batangale ne ni, ko in faɗa yadda muke faɗa a gida, Tangle. A kasuwa da makaranta da layinmu na Manawashi na koyi Hausa, na so ta har na zaɓe ta a jami'a, kuma ba na nadama. Amma son da nake mata ba zai hana ni faɗin cewa bargo ce mai kauri ba, duk abin da ta rufa sai an ɗaga kafin a gan shi. Kusa da Billiri akwai wurin da ake kira Kufai. Kowane ɗalibi a nan ya san ma'anar kalmar: wurin da aka tashi aka bari. Kakannina a kan tudu suka zauna kafin su sauko fili a zamanin Turawa, kuma kakana yakan lissafa mana unguwannin kan tudun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na Tangle. Ya rasu ina aji biyu na sakandare. Yau in aka ce in kawo su, uku kawai zan iya, kuma ko ukun ban tabbata ina ɗora musu karin sauti daidai ba. Kalmar Hausa guda ɗaya, kufai, ta maye gurbin jerin sunaye, kuma ba wani baƙo ne ya yi mana wannan ba. Ni ne ban rubuta ba.

Haka abin yake a Yankari. Dubi sunayen da kyau za ka ga hawa uku ne. A sama akwai na Turanci, kamar Marshall. A tsakiya akwai na Hausa, kamar Tunga Dutse da Tungan Maliki. A ƙasa kuma akwai waɗanda ba Turanci ba ne ba Hausa ba ne: Wikki, Dimmil, Ampara, Kalban, Paliyaram. Waɗannan na ƙasan su ne tsofaffin shaidu. Ana yawan faɗa wa baƙi cewa Wikki a harshen Duguri tana nufin "ina kake?". Madalla. Amma ɗalibin da ya zauna a ajin ilimin kalma ya san abin da ya kamata ya biyo baya: wace gaɓa ce "ina", wace ce "kake", kuma haka Baduguri na yau yake faɗa idan yana neman ɗan'uwansa? Wannan bincike ne na wuni biyu ga wanda ya je Duguri da rikoda. Dubi kuma yadda ake rubuta Dukkey. Wannan "ey" ta ƙarshe ƙa'idar rubutun Ingilishi ce. Ba ta gaya maka tsawon wasali, ba ta gaya maka karin sauti, ba ta gaya maka ko "d" ce ko "ɗ", ko "k" ce ko "ƙ". Mu da aka kayar a jarrabawa saboda mun bar lanƙwasa a kan baƙi ɗaya mun san cewa tsakanin kafa da ƙafa, ma'ana ce take sauyawa ɗungum.

Ko a nan jiharmu ba mu tsira ba. Filin da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ranar 27 ga Yuli, 1903, kusa da Bajoga, Turawa sun rubuta shi Burmi, mu muna cewa Bormi, a wasu takardu kuma za ka ga Mbormi. Sunan Gombe ma ƙaura ya yi. Garin da Buba Yero ya kafa shi ne Gombe na asali. Da aka ɗauke hedikwata zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, sai sunan ya biyo sarauta, tsohon garin ya koma Gombe Abba. Wanda bai san wannan ba zai karanta takardar 1900 ya ɗauka ana maganar garin da muke zaune ciki.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma na yi muhawara da wasunsu a ɗakin kwananmu. Wani ya ce mini ai Marshall ya yi wahala, ya shiga daji ya auna ya rubuta lokacin da mu ba mu damu ba, don me za a ƙwace masa suna? Ban ce a ƙwace ba. Yabon gwani ya zama dole, kuma da bai rubuta ba wataƙila da ko mu bakwai ɗin ba mu je ba. Abin da nake cewa shi ne allon da ke bakin kogo yana da faɗin da zai ɗauki suna biyu. Amma kafin a rubuta na biyun sai an samo shi, kuma ba a ofis ake samo shi ba.

Wani kuma ya ce tarihin baka ba abin dogaro ba ne, kowane dattijo zai ja ruwa zuwa gonarsa, kowace ƙabila za ta ce kakanninta ne suka sassaƙa. Wannan hujja tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Dajin ya fi shekara ɗari babu mazauna a ciki, kuma mutanen da ke kewaye da shi a yau, a gundumomin Duguri da Pali da Gwana, ba lalle ne dukkansu jikokin masu kogwannin ba ne. Za a samu ƙari, za a samu son kai. To amma mene ne muke da shi yanzu a madadinsa? Jimla ɗaya ce da takardun talla suke kwafa daga juna: wai kogwannin mafaka ce daga masu farautar bayi, rijiyoyin kuma zango ne na fataken bayi. Wannan ma ai tarihin baka ne, sai dai an cire masa sunan mai faɗa da garinsu da ranar da ya faɗa. Kuma magana ce mai nauyi, domin idan gaskiya ce, jikokin masu ɓuya da jikokin masu farauta duk suna nan a Bauchi da Gombe, wataƙila ma a aji ɗaya. Maganar da ta kai wannan nauyi ba a barinta a baki ɗaya. Maganin dattijo mai ƙari shi ne dattijo na biyu da na uku a wani ƙauyen daban, sannan a ɗora abin da suka faɗa a kan abin da masu tono suka samu a ƙasa. Irin wannan haɗi an yi shi a maƙwabta: Abubakar Sule Sani na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincike a yankin Kirfi inda ya haɗa tono da hira da masu sana'o'in gargajiya. Ba sabon abu nake kawowa ba.

Ja na uku shi ne wanda na fi ji: wannan aikin 'yan Tarihi ne da masu tonon kayan tarihi, mu ina ruwanmu? A nan ne nake ganin mun raina kanmu. Mai tono zai gaya maka shekarun tanderu daga gawayin da ya samu a ciki, zai auna tsawonsa, zai kai kashin tama ɗakin gwaji. Amma sunan kowane sashe na tanderun, da kirarin da ake yi wa mai zuga, da abin da aka hana yi ranar da za a hura wuta, ba a tono su da shebur. A baki suke, kuma a yau bakin da Hausa yake magana. Wannan ita ce damar da muke da ita wadda baƙon mai bincike ba shi da ita. Dattijon Duguri ko na Pali yana jin Hausa kamar ni, ko ma fiye. Harshen da ya rufe sunayen shi ne kuma harshen da za a yi tambaya da shi a buɗe su. Magabatanmu a wannan fanni sun san haka. Littafin da Hukumar Fassara ta fitar a farkon shekarun 1930 ba Labarun Hausawa kawai aka kira shi ba, Labarun Hausawa da Maƙwabtansu ne. Mu ne muka zo daga baya muka manta da rabin sunan.

Akwai wani tsohon maƙeri a bayan layinmu da nake kai wa gyaran fartanya idan damina ta kusa. Bayan dawowarmu na nuna masa hoton tanderun Ampara da na samu a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, ni ban taɓa ganin an narka tama ba. Tun da na buɗe ido da sifirin ɗin mota muke aiki. Amma babana ya gani." Na ce, "Baba, ko ka tuna abin da yake faɗa?" Ya kawo mini kalmomi huɗu, biyu na Hausa, biyu kuma ya ce na mutanen dutse ne da suke sayar wa kakansa ƙarfe. Na duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 a laburare, na samu biyun farko, biyun ƙarshe babu su. Da na koma bayan mako uku don in ɗauki muryarsa, sai ya ce ɗaya daga cikinsu ta kuɓuce masa, in dawo wani lokaci ko za ta faɗo. Wannan fa a cikin birnin Gombe ke nan, tafiyar minti biyar daga ƙofar gidanmu.

Kada kuma a ɗauka cewa harshe ba ya mutuwa a wannan yanki. Ajawa na ƙasar Bauchi sun bar harshensu sun koma Hausa tsakanin 1920 da 1940. Harshen Bure a Ƙaramar Hukumar Kirfi ya rage a bakin tsofaffi ƙalilan lokacin da masu bincike suka kai gare shi. A Ƙaramar Hukumar Balanga ta jiharmu akwai harshen Jalaa, wanda Bajamushe Ulrich Kleinewillinghöfer ya tarar da tsofaffi kaɗan ne suke tuna kalmominsa, kuma masana ba su samo masa dangi a cikin harsunan duniya ba. Duguri kanta reshe ce ta harsunan Jarawa, kuma duk wanda ya bi ƙauyukan kudancin Bauchi ya san da wane harshe yara suke wasa a dandali. Tanderun Ampara zai iya ƙara shekara hamsin a tsaye idan giwa ba ta ture shi ba. Dattijo ɗan shekara tamanin ba shi da wannan hamsin ɗin.

Saboda haka ga abin da nake ba mu shawara, kuma ba ya bukatar kuɗin gwamnati. Kowace shekara 'yan aji huɗu suna rubuta kundin digiri. Ku shiga laburaren sashe ku duba kan kanta: nazarin jigo da salo a waƙoƙin wane, nazarin jigo da salo a littafin wance, har wani mawaƙin an yi masa kundi biyar. Ban raina adabi ba, shi ya kawo ni sashen. Amma da za a ce ɗalibai biyu ko uku a kowace shekara su ɗauki sunayen wurare na gunduma guda, da cikin shekara goma an tara abin da babu shi a ko'ina. Aikin ba mai wuya ba ne ga wanda ya ci kwas ɗin tsarin sauti. Ka fara da gaida mai gari ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka nemi mafarauta da maƙera da tsofaffin mata, domin mata su suka san sunayen rafuka da rijiyoyi, mafarauta kuma su suka san tuddai. Ka ɗauki murya da waya bayan ka nemi izini, ka sa a maimaita maka sunan sau uku, ka rubuta shi da karin sauti da tsawon wasali, ka tambayi da wane harshe ne da abin da yake nufi, ka rubuta garin da ranar. Idan ƙauye biyu sun saɓa, ka rubuta duka biyun, kada ka zama alƙali. In ka gama, ka mayar musu da kwafe guda, domin kayansu ne ka aro.

Ga 'yan'uwana waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ne, mu da muke da yawa a wannan sashe, Tangale da Tera da Waja da Tula da Bolawa da Fulani da sauransu, ina ganin mu ne muka fi dacewa da wannan aiki, duk da cewa mu ne muka fi jin kunya a aji idan harshenmu ya karye. Kunnenmu ya saba da sautukan da babu su a Hausa. Idan dattijo ya faɗi suna da "p" ko da "mb" a farko, ba za mu gyara masa shi ya koma "f" ko "b" ba tare da mun sani ba. Abin da ake mana dariya a kansa a aji ɗaya, a wannan fage shi ne jarinmu. Su kuma Hausawan asali da ke cikinmu, su suka fi mu gane inda Hausa ta ari suna ta sake masa kama har ya zama kamar nata. In an tafi biyu-biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, aikin zai fi kyau.

Ni dai na riga na kai wa malamina take, ya ce in rage faɗinsa, gunduma guda ta ishe ni. Na zaɓi Duguri. Wani ɗan ajinmu mutumin Alkaleri ya yi alkawarin kai ni wurin kawunsa, tsohon mafarauci, idan an yi hutun ƙarshen zango. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na rubuta tambayoyi 12 a shafin farko. Ta ɗaya ita ce wadda 'yar ajinmu ta yi mana a bakin kogo.